Yadda Na Tayar da Keken Babana

Shekara goma sha ɗaya keken Baba ya yi a jingine cikin ɗakin ajiya, a bayan karyayyun kujeru da buhunan tarkace. Tun yana da rai ya daina hawansa, da ciwon ƙafa ya matsa masa, bayan rasuwarsa kuwa kowa a gidan ya riƙa wucewa ta gefensa kamar bai gan shi ba. Ranar da aka tashi kwashe ɗakin, ƙanena ya jawo shi tsakar gida ya ce a haɗa shi da sauran ƙarafan da za a zubar. Ban ga laifinsa ba. Tayoyin sun bushe sun tsattsage, sarƙa ta sandare kamar itace, tsatsa ta rufe kan keken har ba a ganin farin ƙarfensa, gizo-gizo kuma ya yi saƙa tsakanin wayoyin ƙafafun. Umma ta fito, ta tsaya, ta ɗora tafin hannunta a kan sirdin na ɗan lokaci, ta janye, ta koma ɗaki ba ta ce komai ba.

Sai na ji bakina ya ce, "A bar mini shi."

"Yaya, me za ka yi da wannan?" in ji ƙanena.

Ba ni da amsa a lokacin. Ni mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gaban kwamfuta, ko faci ban taɓa yi wa taya ba. Amma akwai bashin da nake jin keken nan yana bi na, kuma sai na faɗe shi tukuna sauran labarin zai zauna.

A kansa Baba ya riƙa kai ni makaranta tun ina ɗan shekara shida. Ina zaune a kariya, hannuwana riƙe da rigarsa, kuncina manne da bayansa, daga ƙasana kuma wata 'yar ƙara tana tashi, tik, tik, tik, kamar agogo. Da na kai shekara goma sha uku na shiga makarantar da yawancin yaranta a mota ake kawo su. Wata safiya, muna gab da kwanar ƙarshe, na ce, "Baba, ka sauke ni a nan, zan ƙarasa da ƙafa." Ya ja birki, ya kafa ƙafa a ƙasa, ya waiwayo ya dube ni. Abin da ya ce kawai shi ne, "To." Daga ranar har shekara uku, kullum a wannan kwana yake tsayawa ba tare da na sake roƙo ba, kuma bai taɓa tambayata dalili ba. Ya sani, ni ma na san ya sani. Na girma, na kama aiki, na yi aure, na sayi mota ina kai shi asibiti a ciki, amma har Allah ya karɓi abinsa ban iya buɗe baki na ce ya yafe mini wannan kwana ba.

Na kai keken gidana na jingine shi a inuwa. Makonni biyun farko wanki kawai na yi, da kananzir da tsumma da tsohon buroshin haƙori. Datti yana fita, keken yana fitowa kamar mai tashi daga dogon barci. A goshinsa na fara ganin wata tagulla, na yi ta gogawa har siffar kan zalɓe ta bayyana, da sunan Raleigh, da sunan birnin Nottingham na Ingila. Daga baya na karanta cewa kamfanin ya samo sunansa ne daga titin Raleigh na wannan birni, inda wani ƙaramin shagon ƙira ke haɗa kekuna, har wani mutum mai suna Frank Bowden, wanda ya kama hawan keke don neman lafiya, ya sa dukiyarsa a ciki a ƙarshen shekarun 1880. An ci gaba da haɗa kekuna a Nottingham har 2002. Duk wannan tarihi bai taɓa ni ba kamar abin da na gani a cibiyar tayar baya. Da na kankare baƙin man da ya daskare a jikinta, sai ga rubutu: Sturmey-Archer, AW, sannan lambobi, 67 da 3. Masu ƙera wannan cibiya sukan buga shekara da watan da suka yi ta a jikin ƙarfen. Watan Maris na 1967 ke nan. Keken ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma a hannun wani Baba ya saye shi, tun kafin ya auri Umma.

Farin ƙarfen kan keken da na bakin ƙafafun bai ba ni wahala ba. Takardar alminiyam nake dunƙulewa in tsoma a ruwa in goga a hankali. Alminiyam ya fi farin rufin taushi, don haka yana ɗebe tsatsa ba ya karce shi. Wannan 'yar nasara ce ta ruɗe ni, na ɗauka sauran aikin ma haka zai tafi.

Sai na zo kan hannun feda. A irin waɗannan tsofaffin kekuna, wani ɗan guntun ƙarfe mai gefe ɗaya a fere, wanda masu gyara ke kira kotafin, shi ke ɗaure hannun feda da sandar tsakiya. Na kwance notinsa gaba ɗaya, na ɗauki guduma na riƙa ɗan ƙwanƙwasa shi, ina jin tsoron kada in yi ɓarna. Na fi sau hamsin ina bugu. Bai motsa ba, sai ma kansa ya baje ya lanƙwashe, ya zama ba shiga ba fita. Na zauna a ƙasa cikin dare ina kallon abin da hannuna ya yi wa ƙarfen da ya shekara fiye da hamsin lafiya lau. Kwana tara ban sake kusantar keken ba.

Umma ce ta ce in nemi Kawu, yayanta, wanda ya yi shekaru yana gyaran kekuna kafin tsufa ya zaunar da shi. Na je na ɗauko shi ranar wata Asabar. Ya zauna a kujera, ya dafa sandarsa, ya daɗe yana kallon keken kafin ya dubi kotafin ɗin.

"Da tsoro ka buge shi," ya ce.

"Haka ne, Kawu."

"Bugun tsoro shi ke kashe kotafin. Ana sassauta noti ne har ya yi daidai da bakin ƙarfen, a tokare hannun fedar daga ƙasa da bututu, don kada bugun ya sauka a kan boris, 'yan ƙwallayen ƙarfen nan da sandar ke juyawa a kansu, sannan a ba shi guda ɗaya mai kyau. Guda ɗaya, ɗana."

Da na'urar huda ƙarfe muka cire shi, muka ɓata yini guda. Da za mu sa sabo kuma, sai da na goge gefensa da magagari sau da yawa, ina gwadawa ina cirewa, har ya zauna daram. Kawu ya nuna mini cewa na dama da na hagu dole su fuskanci saɓanin juna, in ba haka ba fedojin biyu ba za su miƙe a layi ɗaya ba, mai hawa ya riƙa jin kamar yana ɗingishi. A ranar ya kafa mini sharaɗi. Ya ɗaga hannuwansa da ke rawa ya ce, "Waɗannan sun gama nasu. Ni ne ido, kai ne hannu. Ba zan taɓa ko noti ɗaya ba." Bai kuwa taɓa ba har muka gama.

Mako na gaba Umma ta aiko mini da wani ƙullin tsumma. A ciki akwai 'yar jakar fata da ake ratayawa a bayan sirdi, da sifana shimfiɗaɗɗa mai ramuka da yawa, da ɗan gwangwanin mai mai dogon baki. Duk shekarun nan suna cikin akwatinta, ba wanda ya sani. Kafin zuwansu na sha fama, domin sifanonin da na saya na milimita ne, kowanne ko ya yi wa noti yawa ko ya yi masa kaɗan. Notocin keken a kan tsohon ma'aunin Ingila aka yi su, wanda ke ɗauke da sunan Joseph Whitworth, injiniyan da ya tsara shi a 1841. Sifanar Baba kuwa tana hawa kowane noti kamar don shi aka yanka ta. Gefenta ɗaya ya yi sumul, ya ɗan lotsa, daidai inda babban yatsa ke zama. Yatsana ya faɗa wurin ba tare da na nema ba.

Darasi na biyu ya fi na farko haɗari. Da muka buɗe tsakiyar keken, inda sandar feda ke juyawa, na ga kofin boris ɗin ya yi baƙi, sai na sayo sabo ba tare da na yi shawara ba. Na ɗaura shi, ya shiga zagaye biyu, ya cije. Na miƙa hannu zan ɗauki babbar sifana, sai na ji sandar Kawu a kan wuyan hannuna.

"Abin da ya ƙi shiga da yatsa, kada ka tilasta shi da sifana."

Ya sa na ɗora tsohon kofin da sabon gefe da gefe, na haɗa tiredinsu, wato layin haƙoran da ake murɗawa a ɗaure su. A ido kamar ɗaya suke, amma haƙoran ba sa shiga juna. Kekunan Raleigh na wancan zamani suna da nasu tiredin, layi 26 a kowane inci, alhali yawancin sauran kekuna 24 suke da shi. Layi biyu kacal, amma da na matsa da ƙarfi da na cinye tiredin gangar keken kanta, wadda ba a sayo wata. Na wanke tsohon kofin, na goge, sai ga shi lafiyarsa ƙalau, baƙin giris ne kawai ya rufe shi. A nan ma na koyi cewa kofin ɓangaren dama da fedar hagu a bai-bai ake kwance su, don juyawar ƙafa kada ta riƙa sassauta su a kan hanya.

'Ya'yan boris kuwa sun koya mini ƙirga. A tsofaffin kekuna a sake suke, ba a cikin zobe ba, kana zare ƙarfe sai su zube su tarwatse. Na koyi shimfiɗa farin tsumma a ƙasa kafin in buɗe komai. A tsakiya guda 11 ne kowane gefe, manya, masu kaurin rubu'in inci. A cibiyar tayar gaba 10 kowane gefe. A wuyan keken ƙanana ne ƙwarai, 25 sama 25 ƙasa. 'Yata ƙarama ce ta karɓi wannan aiki. Ita ke ƙirga su a murfin kwalba, ni kuma ina shafa giris ina dasa su ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ɗaya ya ɓace ta yi rarrafe a tsakar gida har ta gano shi, ta kawo mini a tafin hannu tana cewa, "Abba, ga na kakana."

Cibiyar baya na fi tsoro, shi ya sa na bar ta sai da muka yi wata bakwai muna aiki. Daga waje gwangwanin ƙarfe ce kawai, amma giya uku ne a cikinta, kuma a 1936 aka fara yin irinta. Muka zare cikinta muka jiƙa a kananzir kwana biyu, man da ya daskare kamar ƙaro ya narke. Sannan na shimfiɗa kayan a jere yadda suka fito, don kada in rikice. A jikin sandar tsakiya akwai ƙaramar giya mai haƙora 20 wadda ba ta motsi. Wasu ƙanana huɗu suna kewaya ta, su kuma wani zobe mai haƙora 60 daga ciki ya kewaye su duka. Da wannan ɗan tsari ake samun komai. A giya ta biyu, juyi ɗaya na ƙaramin faifan sarƙa da ke jikin cibiyar juyi ɗaya ne na taya. A ta uku, juyi uku na faifan yana ba da huɗu na taya, keke ya yi gudu, ƙafa ta ji nauyi. A ta ɗaya kuma juyi huɗu ne ke ba da uku, gudu ya ragu, hawan tudu ya yi sauƙi. Na riƙe abin a hannuna ina juyawa ina kallon haƙoran suna bin juna, babu wanda ya karye, babu wanda ya cinye, bayan duk nisan da suka yi.

A gindin ɓangaren da ke riƙe da ƙananan giyoyin akwai wasu 'yan harsunan ƙarfe guda biyu, kowanne da 'yar wayar da ke tura shi waje, siririya kamar gashi. Ɗaya daga cikin wayoyin ta karye, sai da na yi wata guda ina nema kafin na samu. Da muka mayar da komai muka ɗura mai, na juya da hannu, sai na ji ta. Tik, tik, tik. Tsigar jikina ta tashi. Shekara talatin rabona da wannan ƙara, amma ko cikin barci aka kaɗa mini ita zan gane ta.

Na tambayi Kawu daga ina take fitowa. Ya ce in ja giya ta ɗaya in sake juyawa. Na ja, na juya, sai shiru. Ya yi mini bayani: a giya ta biyu da ta uku gangar cibiyar ta fi ɓangaren harsunan sauri, don haka haƙoran cikinta suna wucewa ta kansu suna kaɗa su, ita ce ƙarar da ake ji. A giya ta ɗaya kuwa su ne ke ɗauke da nauyin duka, sun cije a haƙoran suna tura taya, ba abin da ke kaɗa su. "Idan suna ɗauke da kaya ba sa surutu," in ji shi.

Ban iya amsa masa ba, domin wani abu ya faɗo mini. A hanyar makarantarmu akwai wani dogon hawa. Kullum muka iso gindinsa sai in ji Baba ya ɗan sassauta feda, ya taɓa wani abu a kan keken, sai ƙarar nan ta ɗauke ɗif. Daga nan har mu kai sama ba na jin komai sai numfashinsa ta cikin bayansa, yana shiga yana fita da ƙyar, rigarsa tana jiƙewa a ƙarƙashin kuncina. Muna kaiwa sama sai tik-tik ta dawo. Ina yaro na ɗauka keken ne ke yin shiru don ya gaji.

Sauran ayyukan ƙafafu sun tafi da nasu ƙananan wahalhalu. Na ƙirga wayoyi, 32 a gaba, 40 a baya inda nauyi yake, uku daga cikin na bayan a karye. Na sayo taya mai lamba 28 kamar yadda na gani a jikin tsohuwar, ta ƙi hawa ko kusa. Ashe 28 iri biyu ce, ta kekunan zamani faɗin bakinta milimita 622 ne, ta irin wannan keke mai lamba 28 x 1½ kuwa 635. Birkin na sanda ne, babu waya ko ɗaya, ƙarafa ne ke jan juna tun daga hannu har zuwa robar da ke kama bakin ƙafar ta ciki. Saboda haka bai isa a ce ƙafar ba ta karkata dama ko hagu ba, dole ta zama zagayayya sosai, in ba haka ba birki ya riƙa kamawa yana saki. Na yi makonni uku ina ɗaure waya ina sassauta waya, rubu'in juyi kowane lokaci, har na fara gane wadda ta yi sako-sako daga amon da take yi idan na ƙyasta ta da farce. Kawu ya gargaɗe ni cewa irin wannan birki ba ya kamawa da wuri idan ruwan sama ya jiƙa ƙarfen, in riƙa ja tun daga nesa.

Sirdin na fata ne, na Brooks, mai sifirin a ƙasa. Ya bushe ya yi tauri, duk jikinsa ƙananan tsaga. Akwai noti a ƙarƙashin hancinsa da ake ɗaurewa don fatar ta miƙe, Kawu ya hana ni taɓa shi, ya ce busasshiyar fata idan aka ja ta yagewa take yi. Sai na riƙa shafa masa man fata kaɗan-kaɗan, ta sama da ta ƙasa, ina barinsa ya sha kwana uku kafin in ƙara. Da ya yi laushi na lura ya lotsa ta dama fiye da ta hagu. Na ɗauka lalacewa ce ta ajiya. Sai na dubi fedojin. Robar ta dama ta cinye har ƙarfe ya fito yana sheƙi, ta hagu kuwa har zanen jikinta yana nan.

Na ɗauki fedojin biyu na kai wa Umma na ajiye a gabanta. Ta juya su a hannu, ta daɗe ba ta yi magana ba. Sannan ta ce gwiwarsa ta hagu ta samu rauni tun kafin a haife ni, a wata faɗuwa da ya yi, kuma ba ta sake komawa daidai ba. Ni duk zatona ciwon tsufa ne ya same shi daga baya. Ta ce kullum ya dawo daga kai ni sai ya zauna a bakin gado ya daɗe yana murza ta, ya kuma hana ta faɗa mana.

"Umma, me ya sa?"

"Ya ce idan ka sani za ka ce ka iya tafiya da ƙafa, makarantar kuma da nisa."

Ashe da ƙafa ɗaya yake hawa tudun nan da ni a baya. Shekara goma.

Kafin wannan rana na riga na yanke shawarar kankare fentin duka in sa a fesa sabo, baƙi wuluk mai sheƙi, har na sayo samfefa. Da na dawo gida na ɗauki fitila na bi jikin keken a hankali, wannan karon ba tsatsa nake nema ba. A sandar sama fentin ya koɗe daidai inda yake ɗora hannu idan yana tura shi. A ƙarafan baya, dama da hagu, akwai wurare biyu da suka goge har ƙarfe ya fito, ƙanana, a daidai inda dugadugan yaro za su riƙa bugawa. Siririn layin ruwan zinariya da aka ja a jikin baƙin fentin ya ɓace a wasu wurare, a wasu yana nan. Na mayar da samfefar cikin leda. Ba na zargin masu sake fenti gaba ɗaya. Idan tsatsa ta ci ƙarfe har tana neman huda shi, babu makawa. Amma fentin farko sau ɗaya ake kankare shi, kuma duk abin da ke rubuce a jikinsa tare da shi yake tafiya. Na wanke shi, na kashe tsatsar da ke 'yan wurare da mai, na shafe shi da kakin goge mota sau uku. Fedojin ma na mayar da su yadda suke, boris kawai na sake musu. Ƙanena da ya zo ya gani ya ce, "Yaya, ai har yanzu tsoho ne." Na kama hannunsa na ɗora a kan wuraren nan biyu na ƙarafan baya, na ce masa nawa ne, nasa ma suna ciki, domin bayana shi aka riƙa ɗauka. Bai sake maganar fenti ba.

Wata goma sha huɗu cif aikin ya ci. Abu na ƙarshe shi ne daidaita 'yar sarƙar giya da ke fitowa daga cikin sandar tayar baya: a sa a giya ta biyu, a leƙa ta ramin notin, a ɗaure har kafaɗar siririyar sandar da 'yar sarƙar ke ja daga ciki ta yi daidai da bakin sandar taya. Idan aka kuskure, akwai wani gurbi tsakanin ta biyu da ta uku inda feda ke zamewa fayau babu abin da ta kama, mai hawa yana iya faɗuwa. Na duba sau huɗu.

Da sassafe na fito da shi, gari bai gama wayewa ba. Keke ne mai nauyi, ya kusa kilo 20, amma da ya fara tafiya sai ya miƙe da kansa, a natse, mutum yana zaune a miƙe yana kallon gabansa. Sirdin ya karkatar da ni dama kaɗan, na bar shi. Tik, tik, tik a ƙarƙashina. Na yi ta tafiya har na sami wani hawa, na sassauta feda, na ja giya ta ɗaya da yatsa. Ƙarar ta ɗauke. Na ɗauke ƙarfin ƙafata ta hagu da gangan, na bar ta tana bin feda kawai, na riƙa turawa da ta dama. Ban kai rabi ba cinyata ta kama wuta, ga shi babu kowa a bayana. Babu abin da nake ji sai numfashina. A tsakiyar hawan na tsaya, na kafa ƙafa a ƙasa, na kifa goshina a kan keken na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwarsa. Na faɗa da bakina, a fili, abin da na kasa faɗa shekara talatin. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Da rana na tuƙa shi har gidan Kawu. Aka fito da shi ƙofa aka zaunar. Na ce ko zai ɗan riƙe kan keken ya ji yadda ya zama, ya girgiza kai, ya ce sharaɗi sharaɗi ne. Ya sa na ɗaga tayar baya na juya feda da hannu, ya sunkuyo ya kawo kunnensa kusa da cibiyar, ya rufe ido. Ya ce in sa ta uku. Na sa. Ya ce ta biyu. Ya ce ta ɗaya. Ya daɗe yana sauraren shirun, sannan ya ce in mayar ta biyu.

"Ta ɗan bushe," ya ce. "Ina gwangwanin babanka?"

Na ciro shi daga jakar bayan sirdi, na buɗe ɗan murfin da ke jikin cibiyar.

"Ɗigo biyu. Kada ka ƙara."

Na ɗiga biyu, na rufe, na sake juya fedar.